Ku Tambayi Kawu: Ina jin kiɗa daga nesa, amma ba wanda ya gayyace ni

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a tsangayar aikin gona ta jami'ar Maraɗi, daga wajen Gure na zo, Babarbare ne ni. Muna haya mu uku a ɗaki guda a unguwar Ali Ɗan Tsoho. Tun da na zo ban san ko'ina ba sai aji da ɗaki da masallaci. Wani dare nakan ji kiɗa daga nesa, amma ba wanda ya taɓa ce mini zo. Abokaina sun ce Maraɗi garin kasuwa ne kawai, in ba ka da jari ba mai kallonka. Haka ne?

Amsa: Ɗana, sannu da karatu. Abokanka sun ga gefe guda na garin, suka ɗauka shi ke nan.

Ka fara da sanin inda kake zaune. Jami'ar da kake ciki, mai sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, a 2010 aka kafa ta. Garin kuwa ya haura shekara 200, tun lokacin da sarakunan Katsina da jihadi ya fitar suka zo suka kafa shi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A da can cikin fadama yake, sai da ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye shi aka hauro da shi tudu. Tsoffin unguwanni, irin su Bagalam, Mokoyo, 'Yandaka, Limanci da Ɗan Gulbi, a nan ne mutane suka san kakannin juna. Ali Ɗan Tsoho kuwa sabon wuri ne, dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan haya, kowa daga inda ya fito. Ka sauka a gefen da ya fi kowane shiru, ka ce garin ba ya magana. Hau kabu-kabu wata la'asar ka ce a sauke ka ƙofar fadar sarki, ka dawo a ƙasa ta cikin lunguna.

Batun gayyata kuma, a nan ne kuka fi ruɗewa ku 'yan lakwal. Kuna jiran takarda ko saƙo a waya. Mafi yawan tarukan garin nan ba a gayyatar kowa, jin labari shi ne gayyata. In ka fito sallar asuba ka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida, ga rago ɗaure, suna ne. Ka zauna a gefe, a yi fatiha da kai, a miƙo maka goro da dabino, ka ce Allah ya raya, ka tashi ka tafi ajinka. Bai ci maka rabin awa ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne zaman makoki. Mai gidan da kuke haya, ko mai shagon da kake sayen sabulu, ranar da aka yi masa rasuwa ka je. Ka tuɓe takalmi tun kafin bakin tabarma, ka durƙusa, ka ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, a shafa, sannan ka bi manya ɗaya bayan ɗaya: ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai. Kada ka ciro waya. Ka ɗan zauna shiru har wasu su zo su nemi wuri, sai ka ba su naka. Za ka ga kamar ba wanda ya lura da kai. Sun lura. Da ka juya baya wani dattijo zai tambaya, yaron nan ɗan wa ne, a ce ai ɗalibin nan ne na gidan wane. Daga ranar ka tashi daga "'yan haya" ka koma "yaronmu". Ni da na yi shekaru ina koyarwa a garin nan, na ga baƙin malamai da yawa, kuma waɗanda suka zauna daram duk ta wannan ƙofa suka shiga. Zumunta a ƙafa take.

Sai fada, wato majalisar samari ta bakin titi. Kowane layi yana da tasa: benci biyu, tabarma, ɗan murhun waya da gawayi, da buta mai baƙin gindi. Ka yi sallama ka zauna, gobe ka zo da sukari na dala ashirin ko ƙullin ganyen shayi, ka ajiye gaban mai dafawa ba tare da ka ce komai ba. Ka kalli yadda yake ɗaga buta sama yana tsiyayawa cikin ɗan kofi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Na farko ɗaci gare shi, kada ka yamutsa fuska, kuma kada ka sha shi ka miƙe. A jira na biyu da na uku, a tsakaninsu ne ake hira. Amma ka buɗe ido. Akwai fadar da ke tara kuɗi ta yashe magudanar ruwa kafin damina, ta kai wa mara lafiya taimako, ta tsaya wa ɗanta ranar aure. Akwai wadda ba ta da aiki sai ƙwaya da tsokanar 'yan mata masu wucewa. Zama biyu ya ishe ka ka gane wace ce wace. Kuma tunda aikin gona kake karantawa, ka shirya: sai an tambaye ka maganin tsutsar wake, ko da a shekarar farko kake.

Manyan tarukan da ake gani da ido su ne kokowa da hawan sallah. Filin kokowarmu sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya kawo wa Maraɗi takobin farko a 1975, a Tawa. Gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, tana zagaya jihohin Nijar takwas, kowace da 'yan kokowa goma, don haka ba kullum take zuwa nan ba. Ni dai na fi son karawar share fage da ake yi bayan an kai amfanin gona gida, inda ake tace waɗanda za su wakilci jiha. A nan za ka zauna kusa har ƙura ta same ka, ka ga layu da guraye a damtse, ka ji ɗan kokowa yana kirari muryarsa na rawa, makaɗi na zuga shi. In aka yi kaye, kada ka yi tsalle sai ka duba na kusa da kai ɗan wane gari ne.

Hawan sallah kuwa, ku ɗalibai kuna rasa shi saboda kowa na gudu gida. Ka daure ka yi ƙaramar sallah guda a nan. Ka ga Sarkin Katsinan Maraɗi ya fito da dogarai da 'yan algaita da kakaki, ga Ƙaura, ga Durɓi, ga Galadima, ga 'Yandaka, sarautun da aka taho da su tun daga Birnin Katsina. Tsibirin Gobir ma ga shi nan kusa, da nasa sarkin da nasa hawan.

Kai da kake Babarbare ma ai da jarinka ka zo. Duk Bafillatanar da ka gani da ƙwaryar nono a bakin kasuwa abokiyar wasanka ce. Ka ce mata baiwarka ce, ka ji abin da za ta mayar maka.

Tambaya: Kawu, ni 'yar kasuwa ce a Sabon Gari, atamfa nake sayarwa. Ɗiyata tana jami'a. Ta ce ƙungiyarsu za ta yi makon al'adu, an zaɓe ta ta fito a amarya. Mahaifinta ya ce bai yarda ba, wai bori ne da rawar banza. Ita kuma kuka take tun jiya. Me ake yi a wurin nan?

Amsa: Hajiya, ina gajiya, ya kasuwa. Abin da na sha gani a irin wannan taro shi ne ɗalibai su rabu bisa yankunansu, kowane rukuni ya nuna sutura da abinci da yadda ake aure a wajensu. Buzaye da rawani da takobi, Fulani da sanda da malafa, Zabarmawa, Tubawa, Barebari, namu na gida. Ana kuma yin wasan barkwanci na tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Amaryar da aka ce ta fito ta wasa ce: a lulluɓe ta, ƙawaye su yi guɗa, a kai ta ɗakin da aka yi da zana. Ba a kiran iska, ba mai faɗuwa.

Sai dai kada mu yi wa Alhaji rashin adalci. Sau da yawa abin kashi biyu ne. Akwai na rana, gaban malamai da manyan baƙi, akwai kuma na dare da ake kawo manyan lasifikoki a kwana ana tsalle, wanda ba ruwansa da al'adar kowa. Ina jin wannan na biyun ne ya ji labari. To a raba masa su. Kada ki tsaya gardama da shi gaban yarinya. Ki sami yayansa ko gwaggonta ta yi masa magana, a ce na rana kawai za ta yi, kuma ke da kanki za ki kai ta ki dawo da ita kafin magariba.

Zuwan naki ma yana da wani amfani. Yaran nan da yawa ba su taɓa ganin jeren ɗakin amarya na da ba, sai a hoto. Na taɓa ganin an ɗora wa amaryar wasa mayafin Dubai a kan saƙi, an jera mata robobi a madadin ƙore da fayafayi, ga lallen kanti an zana mata har gwiwar hannu. Ku da kuka san yadda ake ƙunshi da zunguru, da wace waƙa ƙawaye ke yi daren kamu, in ba ku je kun gyara ba haka za su koya wa na bayansu. Ki ɗauki tsohuwa guda daga dangi ku tafi ranar da suke gwaji.

Tambaya: Kawu, ni ne magatakardan ƙungiyar ɗaliban garinmu. Mun tara jika arba'in, muna son yin taron sada zumunci da mutanen garinmu mazauna Maraɗi. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ɗana, ta gidan dattijon garinku da ya fi daɗewa a nan. Ku je ku uku da goro, ku ce shi ne uban taro. Mai yiwuwa ƙofar gidansa ta ishe ku, kun huta da kuɗin haya. In kun yi yawa, ku tambayi gidan matasa da al'adu na Bawa Ɗan Wardanga tun da wuri. In a titi za ku kafa rumfa, ku gaida mai unguwa, ku nemi izinin ma'aikatar magajin gari.

Kada ku sa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwa ne, waɗanda kuke son gani suna rumfunansu. Ku guji tsakar rana a watan Afirilu, da makon jarrabawa. Tabarmi ku aro daga maƙwabta. Dambun zogale da ƙuli-ƙuli da ruwan sanyi sun fi araha a kan lemon kwalba, kuma tsofaffi sun fi son su. Jawabi biyu ya isa, sauran lokacin a bar mutane su gaisa. Duk dalar da ta fita a rubuta ta, a karanta wa 'yan ƙungiya a zama na gaba. Mai lasifika kuma ku tambaye shi tun yanzu ko yana da batir, don wuta ba ta da alkawari.