Kananzir da alli

Ɗana, saƙonka ya iso, har na sa ƙanwarka ta sake kunna mini bidiyon. Ka ce ba ka gane wannan al'ada ta Turawa ba: jirgin kashe gobara ɗaya ya faɗi, sai a hana 'yan'uwansa tashi, ga daji yana ci da wuta, alhali wanda kwanansa ya ƙare ai ya ƙare. Na yi dariya. Da na tuna kai ke jigilar mutane a Keke Napep kullum, sai dariyar ta maƙale.

Jirgin da ka gani C-130 ne, a Kalifoniya ta Amurka, ran 17 ga Yunin 2002. Yana cikin zubar da maganin wuta fikafikansa biyu suka naɗe sama suka rabu da shi, mutum 3 suka mutu. Ƙirar 1957 ne, ya girmi mamanka. Bayan wata guda wani tsohon jirgin yaƙi, shi ma mai kashe gobara, ya yar da fiffike a jihar Kolorado, mutum 2 suka tafi.

Ni garejinmu na Kano ya tuno mini, lokacin ina yaron bakanike. Wata shekara da kaka, babbar motar wani alhaji ta karye a shasi da lodin gyaɗa a hanyar Gusau. Yana da wasu uku irinta. Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, ya ce babu wadda za ta fita. Alhaji ya zo yana faɗa, kaya na jira, direbobi na zaune a kan benci suna hararmu. Maigida ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Ya sa muka shige ƙarƙashi, muka kankare giris da laka, muka shafa kananzir, muka goge, sannan muka bi da alli. Kwana biyu muna kwance a ƙasa, ƙura na zubo mini a ido. A mota ta biyu, da aka kwance wani facin ƙarfe, sai ga layi siriri kamar gashi ya fito baƙi a kan farin allin, daga ramin noti ya taso. Maigida ya kamo hannun alhaji ya ɗora masa yatsa a wurin. Ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Alhaji bai ƙara cewa uffan ba, sai tuwo da ya aiko mana da daddare.

To, masu binciken Amurka ma abin da suka tarar ke nan: tsaga daga ramukan ƙusa, ta ɓuya a ƙarƙashin faci. C-130 ɗin nan jirgin soja ne na ɗaukar kaya, aka mai da shi mai kutsawa ƙasa-ƙasa cikin hayaƙi da guguwar wuta. Hukumar gandun daji ta ɗauka hukumar jiragen sama ke dubawa, ita kuma tana ganin ba huruminta ba ne. Sai a 2004 aka soke kwangilar manyan jirage 33 lokaci guda.

Ku yaran yanzu, a fesa fenti a rubuta "Allah ya kiyaye" a baya, shi ke nan an gama gyara. Maganar ƙaddara kuwa, wannan ka kai wa malaminku, ni bakanike ne.

Ran Juma'a bayan masallaci ka zo da keken. Ka taho da kananzir kwalba ɗaya, alli akwai a jakar yara.