Sa hannun W.G. Grace da biro: matsayin mai saye a dokar Ingila

Wani mai karatu da ke zaune a Ingila ya rubuto cewa watanni uku da suka wuce ya sayi hoton W.G. Grace, shahararren ɗan wasan kurket na Gloucestershire, daga wani dillalin kayan tarihi ta intanet, a kan cewa sa hannun da ke jiki na Grace ne, sai daga baya wani masani ya duba ya ce da biro aka yi shi.

Malam, idan maganar masanin ta tabbata, hujjarka ta yi ƙarfi ƙwarai, domin Grace ya rasu a 1915, biro kuwa bai shiga kasuwa ba sai cikin shekarun 1940. Takardar shaida da dillalin ya haɗo maka da ita ba za ta wanke shi ba, ita ce ma za ka riƙe a matsayin shaidar abin da ya faɗa maka kafin ka biya.

Dokar Haƙƙin Masu Saye ta 2015 ta wajabta wa ɗan kasuwa ya ba da kayan da suka dace da siffar da ya bayyana. Kwanaki 30 na farko da ake mayar da kaya kai tsaye sun wuce ka, amma kada hankalinka ya tashi: tun da hoton jabu ba ya gyaruwa, kana da damar neman a musanya maka da na gaskiya, in hakan ya gagara ka mayar ka karɓi kuɗinka, kuma a cikin watanni shida na farko ba a rage maka komai. Abin da zan so ka duba da kyau shi ne lafazin tallar. "Grace ne ya sa hannu" daban yake da "ana danganta shi ga Grace", kuma a nan ne dillalai kan sami mafaka. A shari'ar Harlingdon da Christopher Hull, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi ba mai sayen wani zane gaskiya saboda ya dogara da idonsa ne, ba da bayanin mai sayarwa ba.

Ka sa masanin ya rubuta ra'ayinsa, ka ajiye hoton tallar da rasit, kada kuma ka cire hoton daga firam ɗinsa. Daga nan ka aika wa dillalin wasiƙa kana neman kuɗinka cikin kwanaki 14. Idan da katin bashi ka biya, kuma farashin ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ba ka ikon bin kamfanin katin, wanda sau da yawa ya fi sauri. In duk sun ƙi, ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana bin tsarin ƙananan ƙararraki, kuma kana da shekara shida ka shigar da ita.