Wurin sa yatsa ya mutu bayan canjin batir: filash ba maganinsa ba ne

Tambaya: Salamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kasuwar Dole, lambobin masu bashina da hotunan kaya duk suna cikin wayata Tecno mai wurin sa yatsa a baya. Batir ya kumbura na kai aka canza, tun ranar ba ta ƙara buɗewa da yatsa ba, sai da kod. Wani mai gyara ya ce in kawo jaka uku a yi mata filash. Hankalina a tashe yake, kada in rasa abin da ke ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda kod yana buɗe ta, kayanki suna nan lafiya. Riƙe jaka ukunki tukuna.

Ki shiga parametir, wajen tsaro, ki nemi inda ake rajistar yatsa. Idan yana nan, kuma wayar tana ɗan girgiza in kin taɓa amma ta ƙi ki, matsalar ƙarama ce. Ƙurar hunturu, kaushi, ko hannun da ya sha omo suna ɓata zanen yatsa. A goge wurin da ƙyalle mai laushi da ɗigon alkol na farmasi, a share tsofaffin yatsun, a sake rajista. Babban yatsa ko manuni ɗaya a yi masa rajista sau biyu, ya fi kamawa.

Amma yadda kika bayyana, na fi zaton za ki tarar zaɓin ya ɓace gaba ɗaya, ko ya ƙi fara rajista. Wannan na nufin wayar ba ta ganin na'urar karanta yatsa. Wani siririn zare mai faɗi kamar ɓawon albasa, wanda masu gyara ke kira nap, shi ke haɗa ta da babban katin da ke cikin waya. In aka ɗaga murfin baya da gaggawa, ko dai bakinsa ya fice ko ya yage. Kumburin batir ma kan ja shi tun kafin a buɗe. Gyaran: a buɗe, a fara cire mahaɗin batir, a mayar da bakin nap ɗin da abin roba har ya zauna. In ya yage, a sa sabuwar na'ura mai lambar samfuri daidai da wadda ke jikin kwalin wayar.

To, filash. Wallahi wannan kalma ta ci wayoyin mutanen Damagaram. Lasifika ta mutu, filash. Caji ya ƙi shiga, filash. Ta yaya manhaja za ta ɗinke zaren da ya yage? Filash sake zuba tsarin waya ne, yana share hotuna, saƙonnin murya na WhatsApp da duk lambar da ba a ajiye a Google ko a kan layi ba. Ba ma nan ta tsaya ba. Yawancin Tecno da Infinix suna aiki da ƙwaƙwalwar waya ta kamfanin MediaTek, kuma in wanda bai ƙware ba ya zaɓi share komai kafin zubawa, lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, takan tafi. Sai ki sa layinki wayar ta ce babu rezo. Wayoyin da ake sa yatsa a kan gilashi kuwa, saitin da aka yi wa na'urar tun masana'anta yana iya gogewa, na'ura mai lafiya ta koma ba ta karanta komai.

Wasu za su ce to a yi formate kawai, wato a share wayar ta koma yadda aka saye ta. Tun Android 5.1 na 2015, wayar da aka share ta hanyar maɓallan gefe tana neman adireshin Gmail da kalmar sirrin da ke kanta a da. Mutum nawa ne a cikinmu suka san tasu, alhali yaron shago ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar? Daga nan sai a sake karɓar kuɗin cire kulle. Kuɗin mutane amana ne, ƴan'uwana masu gyara. Wanda bai buɗe waya ya duba ba, bai halatta ya yanke mata farashi ba.

Ki koma wurin wanda ya canza batir, shi ya buɗe ta. Kafin nan ki danna *#06#, ki rubuta lambobi 15 na IMEI a takarda, ki kwashe hotuna zuwa katin memwar, ki cire shi tare da layinki. Kada ki ba da kod. In ya rufe murfin, ke da kanki za ki gwada yatsa a gabansa.