Mun biya rabin kuɗin tsohuwar taraktar gwamnati, yanzu ana cewa mu zo mu ja ta da dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Don Allah a taimaka min, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a yankin Bunkure, mu 23 ne. Akwai wata tarakta Massey Ferguson da ta fi shekara bakwai a yashe a harabar wani ofishin gona na jiha, har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Wani ma'aikacin wurin ya ce an yi mata kondem, wato an cire ta daga aiki, kuma shi aka ba alokeshan, wato shi aka ware wa ita, zai bar mana a naira miliyan 4. Mun tura masa miliyan 2 a akawun ɗinsa, an rubuta yarjejeniya dagaci ya sa hannu, ya kuma kawo takardar rantsuwa daga kotu. Yanzu wai mu kawo ciko mu zo bayan isha'i mu ja ta saboda 'yan sa-ido. Kuɗin nan na mutane ne, har da na wata baiwar Allah mai marayu da ta sayar da awakinta. Cinikin nan ya yi a doka?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam ma'aji, Allah ya kwantar da hankali. Kafin komai, kada ka ƙara masa ko kwabo, kuma kada ɗayanku ya taɓa taraktar nan, da dare ko da rana. A yanzu kuɗi ne kawai ya fita hannunku, kuɗi kuwa ana binsa, amma ranar da kuka ja ta kuka fita daga get magana ta canja, kun tashi daga waɗanda aka cuta kun koma waɗanda za a tuhuma.

Tunda kai ma'aji ne ka san leja ka san rasit, ba sai na yi dogon bayani ba. Kayan gwamnati in sun tsufa ba mutum ɗaya ke yanke hukuncin sayar da su ba. Ma'aikata ce za ta lissafo su, a naɗa kwamiti ya je ya gani da ido, shi ne abin da ma'aikata ke cewa an yi wa mota bodin, injiniya ya duba ya rubuta halin da take ciki, a sa mata farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a samu amincewar sama, a sanar da jama'a, sannan mai gwanjo mai lasisi ya buga ƙararrawa a bainar mutane. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007, sashe na 55 da na 56, ta ce gasa a fili ita ce asalin hanyar sayarwa kuma sai an yi wa kaya ƙima tukuna. Waccan ta tarayya ce, Kano na da tata dokar da hukumarta, Jigawa ma na da hukumar bin ƙa'idar kwangila, ga kuma ƙa'idojin kuɗi da na sito da kowace ma'aikata ke aiki da su, amma duk ginshiƙin ɗaya ne. Shi ya sa ma yana da kyau ku fara tabbatar da ta waye, don a yankinku akwai kayan hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are waɗanda na tarayya ne, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma, kuma wanda ba nasa ba bai isa ya sayar ba ko da a harabarsa take kwance.

Toh yanzu ga abin da yake ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an shigo min ofis da shi a cikin leda. Mutanenmu sun ɗauka takarda tana wanke ciniki. In dai akwai sa hannu da sitamfi, an kira shaidu biyu, dagaci ya sa albarka, an je kotu an yi afidabit, shikenan wai an ɗaure magana. Wallahi ba haka ba ne. Takardar rantsuwa ba ta cewa komai sai "wane ya zo ya rantse cewa kaza", ma'aikacin da ya buga mata hatimi bai je ya ga tarakta ba, bai buɗe fayil ba, kuma ba aikinsa ba ne ya buɗe. Yau in na rantse cewa kasuwar Dawanau tawa ce zan iya fitowa da takarda mai hatimi, amma rumfa ɗaya ba ta zama tawa ba. Sa hannun dagaci kuwa shaida ce cewa kun yi ciniki a gabansa, ba shaida ba ce cewa mai sayarwa yana da abin sayarwa, hasali ma kun jawo bawan Allah cikin abin da bai ji ba bai gani ba. Mutum ba ya ba ka abin da shi kansa bai mallaka ba, dokar boko ta faɗa, kuma tun kafin ita Annabi (SAW) ya hana Hakim ɗan Hizam sayar da abin da ba ya hannunsa.

Kuma masu ɗora mutane a kan wannan hanya su ne suka fi ba ni haushi, 'yan kamasho da masu rubutun takardu na gindin bishiya a bakin kotu, waɗanda za su karɓi dubu biyar su ce maka "ai wannan ko EFCC ba ta isa ba". Ranar da aka zo da motar 'yan sanda ba za ka ga ƙeyarsu ba. Sai kalmar nan ta kondem da ake yaudarar mutane da ita, kamar da zarar abu ya lalace ya zama na wanda ya riga. Kondem ma'anarsa an ce ba ta aikin gwamnati kuma, amma tana nan a leja da lambarta, mai binciken kuɗi na jiha in ya zo zai tambaye ta ko da ƙarfe ne ya rage. Haka tsohon janareta, haka bencin makaranta, haka famfon burtsatse da ake kwancewa ana kai wa 'yan jari-bola.

Ba na cewa alokeshan ba ya faruwa, yana faruwa, wani lokaci gwamnati kan sayar wa ma'aikatanta tsofaffin motoci a farashin da aka ƙiyasta. Amma ko a nan kuɗin baitulmali yake shiga. Sashe na 120 na tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin da jiha ta samu asusunta yake zuwa, ba aljihun darakta ko sitokifa ba. Don haka in gaskiya ne mutumin ku shi aka ba, dole yana da rasit ɗin gwamnati da ya biya, da takardar sakin kaya mai ɗauke da lambar chasis da lambar inji, da takardar fita get. Mai waɗannan uku da rana tsaka yake jan kayansa, har maigadi ya taya shi turi. Wannan "bayan isha'i" ɗin ita ce za ta kashe ku a gaban alƙali, don sashe na 317 na Final Kod, wato kundin dokar laifuka, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane ko yana da dalilin da zai sa ya yi zato, kuma kayan da ma'aikaci ya ci amanarsu a cikin kayan sata ake lissafa su. Wa zai yarda ba ku yi zato ba bayan an ce ku zo da duhu?

Ita ma gwamnati tana da nata laifin kuma ba zan rufa mata ba. A bar tarakta shekara bakwai rana na dukanta ruwa na dukanta saboda fayil ya maƙale a tebur, manoma suna kallo suna neman ta haya ba su samu ba, in kuma an tashi gwanjon sai a sa sanarwa da Turanci a lungun jarida wadda mutumin Bunkure ba zai taɓa gani ba, maimakon a faɗa a rediyo. Wannan sakacin shi ke buɗe wa macuta ƙofa. Amma sakacinsu bai halatta mana ba. Maganar "kayan gwamnati ba na kowa ba ne" mu daina ta, na kowa ne, har da marayun da ka ambata, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda aka ba aiki ya ɓoye ko da allura ce zai zo da ita ranar alƙiyama, ina ga tarakta.

Abin yi Malam: gobe ka je banki ka ciro sitetimen da ke nuna miliyan 2 ɗin nan, ka yi hoton yarjejeniyar da afidabit ɗin ka ajiye asalin a wuri daban, kada ka goge saƙo ko ɗaya a wayarka. Ku tara 'yan ƙungiya ka faɗa musu gaskiya tun yanzu, kada ka riƙe wannan kai kaɗai. Sannan ku koma gaban dagacin ku nemi mutumin ya kawo takardun nan uku cikin mako ɗaya ko ya dawo da kuɗi, a rubuta. In ya fara kwana-kwana, ku kai ƙorafi a rubuce ga babban sakataren ma'aikatar da kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ku tabbata an buga muku sitamfin karɓa a kwafinku. In har yanzu kuna son taraktar, a wasiƙar babban sakatare ku ƙara layi ɗaya kuna roƙon a sanar da ƙungiyarku ranar da za a yi gwanjonta, kuma kafin ranar ku tafi da makaniki ya duba injin.