Fitilar auna gudun inji: lissafinta na sauka rabi, batirinta ba ya jimawa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da injinan matsar man gyaɗa a wani wuri a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Maigidana ya sayo fitila mai walƙiya ta hannu, wadda ake kira istiroboskof, domin mu riƙa auna gudun inji. An rubuta juyi 1460 a minti a jikin injin lantarkin, amma fitilar tana nuna mini 730, kuma batirinta yana mutuwa da wuri. Ta lalace ne?

Amsa: Ƙanena, fitilarka lafiya lau take, kuma lambar da ka kawo ita ce shaida, domin 730 rabin 1460 ne cif. Aikinta shi ne ta yi walƙiya sau adadin da ka saita mata a minti guda, kuma idan adadin ya yi daidai da juyawar fulin injin lantarkin, wato ƙarfen da bel ke hawa a kansa, kowace walƙiya za ta tarar da shi a wuri ɗaya, sai ido ya ga kamar ya tsaya cak. Sai dai idan tana walƙiya sau ɗaya bayan kowane juyi biyu, nan ma a wuri ɗaya za ta tarar da shi, shi ya sa rabin gudun da sulusinsa duk suke kama da gaskiya.

Ka kashe injin, ka yi alama guda ɗaya tak da alli a jikin fulin, sannan ka kunna. Ka faro daga sama, misali 3500, kana saukowa a hankali. Wajen 2920 za ka ga alamar ta zama biyu suna fuskantar juna. Ka ci gaba da sauka, kuma wurin farko da ta koma guda ɗaya shi ne gudun gaskiya. Yawancin fitilun suna da maɓallin ninkawa biyu: idan ka danna alamar ta rabu biyu ka dace, idan ta tsaya guda ɗaya a kan rabi kake. Kada ka yi tsammanin ganin 1500, domin a wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, mai bugu 50 a daƙiƙa, irin wannan injin yana ɗan gazawa da 1500 idan ya ɗauki kaya, kuma hakan ba ciwo ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun mutane. Fulin da ka ga ya tsaya yana juyawa da cikakken ƙarfinsa, saboda haka ka gargaɗi yaran aiki kafin ka kunna, ka naɗe hannun riga, kuma mai farfaɗiya ya bar wurin, domin walƙiyar tana iya tayar wa wasu da ciwon.

Game da batiri, fitila mai ƙwan zenon ta fi mai LED cin wuta, kuma gwargwadon saurin walƙiyar gwargwadon cin. Idan taka mai LED ce, ka rage tsawon walƙiyar, hoton zai fi fita tar, batirin ya ƙara jimawa. Ka yi wa injin inuwa maimakon ka yi ta kokawa da hasken rana. Ka yi amfani da cajarta ta asali kawai, domin shigar bakin wata caja ba ya nufin ƙarfin wutarsu ɗaya ne. Idan da janareta za ka yi caji, bari ya daidaita tukuna, kuma kada ka haɗa ta layi ɗaya da injin walda. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ka bar ta ta huce a inuwa kafin ka jona, domin batirin litiyom ba ya son caji sama da digiri 45. In duk da haka tana mutuwa da wuri, batirin ya tsufa ne. A canza shi da mai irin ƙarfin da aka rubuta a jikin tsohon.