Ga kyamara, me ya kawo zanen hannu a kufan Pompeii?

Tambaya: Na ga masu tonon kayan tarihi a Pompeii ta Italiya sun duƙufa da fensir da takarda suna zane. Tunda ga kyamara, ga jirgi maras matuƙi, wannan wahalar ta mece ce?

Amsa: Malam, shi tono ba a yin sa sau biyu. Ƙasar da aka kwashe ba ta komawa yadda take, don haka abin da ba a rubuta ko aka zana a lokacin ba ya tafi ke nan.

Pompeii ta ɗanɗana wannan. Dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne birnin a shekara ta 79 miladiyya, aka fara tono a 1748. Masu aikin farko kayan ado suke nema wa sarkin Naples, birnin da ke kusa da wurin: su yanke zanen bango su ɗauke, wani lokaci ma su mayar da ƙasa. Da masanin kayan tarihi Giuseppe Fiorelli ya karɓi ragamar aikin a 1863 sai ya raba birnin shiyya-shiyya, ya ba kowane rukunin gidaje da kowace ƙofa lamba, ya sa a riƙa tono daga sama zuwa ƙasa. Har yau da lambobinsa ake aiki. A zamaninsa aka fara ƙera samfurin birnin da ɓawon itace, wanda ke gidan tarihi na Naples, kuma a jikinsa akwai zanen bangon da rana da ruwan sama suka riga suka cinye a ainihin wurin. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu a 1943 sun rusa wasu gidaje, wani gini kuma ya rufta a 2010. Abin takaici ne, amma tsofaffin zane da hotuna ne suka rage mana shaida.

Sai batun kyamara. Ita komai take ɗauka, ba ta tantancewa. Hawa biyu na ƙasa kan fito da launi ɗaya a hoto, alhali wanda ya kankare su da hannunsa ya ji ɗaya tana da tsakuwa, ɗaya laushi. Shi zai ja layi a tsakaninsu, ya nuna wace katanga ce ta riga wata, inda aka toshe tsohuwar ƙofa, inda rami ya yanke daɓe. Wannan layin hukunci ne na masani, kuma a kansa ake gina lissafin shekaru. Haka tsingaron tukunya: ana zana rabinsa daga waje, rabi a tsage don kaurinsa da siffar bakinsa su fito, a kwatanta da wanda aka samu a wani gari.

Ana amfani da na'urorin zamani sosai, sun kuma fi hannu daidaito wajen awo. Yanzu da yawa a kan hoton suke zanawa a kwamfutar hannu, suna tsaye a bakin ramin suna duba ƙasar da idonsu.