Zan iya sakin gidan haya in koma zama cikin RV a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Phoenix ta jihar Arizona, kuɗin haya na neman cinye min albashi. Ina ganin bidiyon masu zama cikin motocin nan da ake kira RV, masu gado da kicin da banɗaki, suna cewa kyauta suke kwana. Da gaske ne? Kuma doka ta yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh da gaske ne, akwai inda za ka kwana ko sisi ba ka biya ba, amma fa a daji ne, ba cikin gari ba, kuma wannan ne masu bidiyon ba sa tsayawa su yi bayani.

Gwamnatin tarayya tana da filaye maƙil a yammacin ƙasar, hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati ita kaɗai tana riƙe da kusan eka miliyan 245, mafi yawa a jihohi irin su Nebada da Yuta da Arizona taku. A galibin filayen nan an yarda ka yi fakin ka kwana kyauta, sai dai ƙa'idar ita ce kwana 14 cikin kwana 28, in sun cika dole ka tashi, kuma ba wai ka matsa gindin wata bishiya ba, yawancin ofisoshinsu suna so ka yi nisan mil 25. Dazuzzukan tarayya irin Coconino da ke kewaye da Flagstaff su ma kwana 14 ne, kuma suna da taswirar da ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi, ka sauke ta a waya kafin ka shiga don can ba sabis. Manyan gandun shaƙatawa irin Grand Canyon kuwa ba a kwana a mota sai a sansanin da aka ware.

Can dajin babu famfo, babu wutar lantarki, babu mai kwashe shara. Ruwan da ke tankinka shi ne na sha da girki da wanka da alwala sau biyar, wallahi yana ƙarewa da wuri fiye da yadda kake zato. Tankin banɗaki kuma haramun ne a doka ka juye shi a ƙasa, sai ka je wurin da aka tanada, wani wurin ma da kuɗi. Ga sola ko janareta, ga gas na girki, kuma don Allah kar ka kwana ko dare ɗaya ba na'urar da ke ƙara in iskar gubar hayaƙi ta taru, ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci.

In kana son zama mai tsawo wuri ɗaya akwai Quartzsite, tafiyar kamar awa biyu yamma da Phoenix, inda BLM ke sayar da takardar zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, akwai ruwa da wurin juye tanki. Ka lura lokacin sanyi ne kawai, don zafin hamadar ba wasa ba ne, kai ma ka san a 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi na kaiwa digiri 43 ko fiye. Cikin motar ƙarfe ba AC wannan halaka ce.

Cikin gari kuwa labarin daban ne. Wasu shagunan Walmart suna bari a kwana dare ɗaya a filin fakin, amma sai manaja ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba, shiga ka tambaya. Garuruwa da yawa sun hana kwana a mota bakin titi, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon a 2024 hannunsu ya ƙara sakewa wajen cin tarar masu kwana a waje. Sauran zaɓin shi ne sansanin RV na kuɗi, wanda haya ce ita ma, wasunsu ma ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10.

Lasisin tuƙinka na yau da kullum ya isa a yawancin jihohi in nauyin motar bai wuce fam 26,000 ba. Inshora ka faɗa musu gaskiya cewa ciki za ka zauna, in ka ɓoye za su iya ƙin biyanka ranar da wani abu ya faru. Sannan adireshi, banki da inshora duk suna nema, in kuma kana da takardu a hannun hukumar shige da fice to doka ta ce ka sanar da su sauyin adireshi cikin kwana 10, wasiƙa ɗaya ta ɓace tana iya jawo maka babbar matsala.

A ganina abin yana yi wa wanda aikinsa ke cikin kwamfuta ko ɗan fansho. Kai da kullum sai ka je wurin aiki a Phoenix, man zirga-zirga da gyaran mota za su cinye abin da ka tsira da shi. Kafin ka saki ɗakinka, ɗauki hayar RV na sati biyu, ka riƙa zuwa aiki daga cikinta, ka rubuta duk dalar da ta fita.